Dutsen Jirgin Hodi

Gesse, Birnin Kebbi
15 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Kawu, Malam Dankure,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Umma Baiwa da dukan mutanen gida. Mu nan sai godiya. Inna tana Badariya, ƙafar ta yi sauƙi, zafin garin ne kawai yake hana ta sakewa.

Ranar Sallah da na zo gaishe ka ban tayar da wannan magana ba, domin ban ga dacewar shimfiɗa aikin ofis a tabarmar zumunci ba. Na kuma san ra'ayinka cewa gayyatar da ta zo ta waya ba gayyata ba ce. Shi ya sa na rubuta da hannuna, na ba direban motar Argungu.

Shirin horar da malamai da nake yi wa aiki zai gudanar da bita ta kwana biyar ga malaman Fiziks arba'in, daga Litinin mai zuwa. Zagaye na biyu kuma sai watan Agusta. Wani malamin jami'a, Dakta Riskuwa, shi zai jagoranta. Manufar ita ce a rage karanta wa ɗalibai littafi suna kwafa. Malami zai jefa tambaya, kowane ɗalibi ya zaɓi amsa, sa'an nan ya juya ga na kusa da shi su yi muhawara, a sake zaɓe, daga ƙarshe a gwada abin a gaban kowa. A wurin bitar malamai ne za su zauna a matsayin ɗalibai. Za a ba kowa ƙaramar kwamfutar hannu da zai riƙa zaɓen amsa da ita, ya kuma koma makarantarsa da ita. Ba a sa sunan kowa a allon majigi. Lamba ce kawai take fitowa, don haka ba mai jin kunyar kuskure.

Dangantakarmu sai an zauna an warware ta, tunda kakanka da kakan Inna ne wa da ƙane. Amma shekara uku na yi a gidanka ina sakandare, kuma daga bakinka na fara jin wannan ilimi. Zan ji nauyi idan na tara malaman jiha ba ka cikinsu.

Naka mai biyayya,
Zainulabidin Dikko

*

Argungu
18 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga ɗana Zainulabidin,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, lafiyarmu ƙalau. Ummanka tana can tana fama da albasar da aka kwaso daga fadama, gidan duk ya ɗauki warinta.

Zan zo. Shekara talatin da biyu ina shan ƙurar alli, saura uku in sauka, idan kuwa akwai abin da zai sa yaran nan su daina kallona kamar mai huɗuba, ina son ganinsa kafin in tafi. Ba na tsoron kwamfuta. Mutumin da ya koyi kwance injin ban-ruwa bayan ya yi furfura ba gilashi zai gagare shi ba.

Kada ka kama mini masauki. A gidan ’yar’uwata Sadatu, mahaifiyarka, zan sauka a Badariya, in ba haka ba har Sallar baɗi tana yi mini gori. Na ji an ce Sauda tana cikin waɗanda aka kira, wadda na koyar shekara tara da suka wuce, take koyarwa yanzu a wajen Augie. Ka zaunar da ni kusa da ita, idan yatsana ya ɓata hanya ta nuna mini.

Allah ya yi maka albarka.

Kawunka,
Dankure

*

Argungu
2 ga Mayu, 2024

Zainulabidin,

Sallama. Muna lafiya. Ina fatan mahaifiyarka ta daina damuwa da yadda na bar gidanta ban ci abincin rana ba. Ka gaya mata ba laifinta ba ne.

Ka kira wayata sau bakwai ban ɗauka ba. Ba fushi ya hana ni ba. Ina tsoron abin da baki zai faɗa ne kafin hankali ya auna shi. Zan rubuta abin da ya faru ranar Talatar nan yadda na gan shi daga kujerata, domin kai kana can gaba wajen majigi, wataƙila abin da ka gani dabam ne.

Ka ce lamba ce kawai za ta fito, ba suna. Gaskiya ka faɗa. Amma ranar Litinin da ka buɗe kwalin kwamfutocin, sai ka ratsa zauren, ka wuce mutum talatin, ka rusuna a gabana ka ce, "Malam, taka ce ta farko." Har tafi aka yi. Daga wannan lokaci babu wanda bai san wane ne lamba ɗaya ba.

Washegari Dakta ya haska tambaya a allo. Hodi yana cikin jirgi a tsakiyar ƙaramin tafki, da babban dutse a jirgin. Ya ɗauki dutsen ya jefa cikin ruwa. Shin ruwan tafkin zai ƙaru, ko zai ragu, ko zai tsaya yadda yake?

Na yi murmushi, domin tambayata ce. Tana shafi na sittin da biyu a littafin darasina, tun kafin a haifi rabin mutanen zauren. Hodi abokina ne, Bafillace mai tsoron ruwa, don tsokana na sa shi cikin jirgi. Na ce a raina, yaron nan ya karrama ni a ɓoye. Na danna amsar da nake koyarwa kullum: ruwan zai tsaya yadda yake.

Amsoshi suka fito a jere, lamba ɗaya a sama. Mutum goma sha bakwai suka ce zai ragu, sha huɗu suna tare da ni, tara suka ce zai ƙaru. Dakta ya ce kowa ya shawo kan maƙwabcinsa. Sauda ta sunkuyo ta ce, "Malam, ni dai na ga kamar zai ragu." Na ce, "’Yata, dutsen nan yana cikin tafkin tun farko, ko a jirgi ko a ƙasa. Ina ruwan zai je?" Sai ta ce, "Haka ne, Malam."

Aka sake zaɓe. Mutum talatin da biyar suka koma amsata. Uku kaɗai suka tsaya a kan zai ragu.

Sai Dakta ya kawo akwatin gilashi da ruwa, ya ɗora kwano da dutse a ciki, ya ja layi a bakin ruwan. Ka kafa masa kyamara don na baya su gani. Ya cire dutsen daga kwanon ya saka a ruwa. A allon nan mai faɗin bango na ga ruwa ya sauka ƙasa da layi, kusan faɗin yatsa. Dakta ya ce, "Kun ga abin da ya faru? Mutum goma sha huɗu suna kan daidai, suka baro shi da ƙafarsu." Wani daga baya, da muryar da yake zaton ba ta kai gaba ba, ya ce, "Ashe ɗan masunta ma ruwa na cin shi." Ba a yi dariya ba. Da an yi, da ya fi mini sauƙi.

Na rubuta takardar ajiye aiki. Tana cikin aljihun rigata, zan miƙa ta ranar da za a rufe wannan zango. Ni kaɗai ne malamin Fiziks a makarantarmu, na san abin da hakan yake nufi.

Tambaya ɗaya nake da ita. Wa ya ba Dakta Riskuwa tambayar Hodi?

Dankure

*

Gesse, Birnin Kebbi
9 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Kawu, Malam Dankure,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Umma Baiwa. Inna tana lafiya, na isar mata da saƙonka, ta ce ita ba saƙo take so ba, kai take so ka dawo ka ci tuwonta.

Na karanta takardarka sau da yawa kafin in ɗauki alƙalami. Maganar lamba, laifina ne, ba ni da abin karewa. Ƙa'idar ita ce a raba kwamfutocin a hargitse, yadda ba wanda zai san ta wani. An gaya mini haka, na kuma fahimta. Amma da na tsaya da kwalin a hannu, na ga ka zaune da furfurarka a tsakanin waɗanda ka koyar, sai na kasa miƙa wa wani ta farko. Da na ba wani yaro lamba ɗaya kai kuma na ba ka ta ashirin da bakwai, da Inna ta ji labari kafin magariba. Ina neman gafararka.

Ina roƙonka kada ka miƙa takardar nan. Kuskure ɗaya ba ya rushe shekara talatin da biyu. Tambayar ta kayar da manyan malamai a wurare da yawa, domin hankali yakan karkata ga amsarka. Sai an lura cewa dutse yana cikin jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa, idan ya nutse kuwa daidai girman jikinsa kawai yake turewa. Ban faɗi wannan don in koya maka ba. Na san tun a zauren ka gano shi.

Ka kuma tuna da ’yan ajin da za su rubuta jarrabawar fita baɗi. Idan ka tafi, samun wani malamin zai ɗauki lokaci, ka fi ni sanin haka.

Dakta ya tambaye ni labarinka da girmamawa. Bai san tsarin da na bi wajen rabon ba sai daga baya. Ya ce a duk kwana biyar ɗin babu sa'ar da ta kai wannan amfani, domin ta nuna wa malamai abin da ke faruwa a azuzuwansu idan ɗalibi ya dubi fuskar mai magana maimakon hujjarsa. Na faɗa maka ne don ka san ranar ba ta tafi a banza ba.

Kujerarka tana nan a zagaye na biyu.

Naka mai biyayya,
Zainulabidin

*

Argungu
24 ga Yuni, 2024

Zainulabidin,

Sallama. Ruwa ya sauka, an fara dashen shinkafa, ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni kwana shida, yanzu na tashi.

Takardarka ta zo tun watan jiya. Na ji daɗin jin cewa na yi amfani. A ɗakin gwaje-gwajenmu akwai wani kwaɗo cikin kwalba, ya fi shekara ashirin yana amfani. Ban taɓa tunanin tambayarsa yadda yake ji ba.

Babbar Sallah ta zo ta wuce. Tun da ka bar gidan nan ba ka taɓa fashin gaisuwar Sallah ba sai bana. Ummanka ta ware maka cinyar rago har kwana uku, tana cewa, "Shina tahe, hanya ta, ka san ruwa ya ɓata ta."

Wadda ta zo ita ce Sauda. Tun daga Augie ta hau babur, ta durƙusa a zaure tana neman gafara. Na ce, "Gafarar me?" Ta ce, "Na bari aka ga kuskurenka, Malam." Ka ji fa. Ba ta zo saboda ta bar gaskiya ta bi ni ba. Ta zo ne don ba ta rufa mini asiri sosai ba. Na ce mata, "Da kin riƙe amsarki kin yi mini gardama, da yau ni zan zo Augie in gode miki." Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

Bayan tafiyarta na ɗauko daron wankin Baiwa, da kwanon sha, da dutsen da ake tokare ƙofa da shi. Na gwada sau biyar a tsakar gida. Sau biyar ruwan yana sauka. Daron nan ya fi shekara ashirin a gidan, ka yi wanki a cikinsa. Abin da ya ɗauke ni duka bai kai a dafa shayi ba.

Ka rubuta shafi biyu, ka amsa abin da ban tambaya ba. Na san kai mutum ne mai auna magana, tun kana yaro sai ka tauna kalma kafin ka fitar. Saboda haka na san abin da ka tsallake ba mantuwa ba ce. Saura mako huɗu a rufe makaranta. Ina sake tambaya, kuma ba zan yi ta uku ba. Wa ya ba Dakta tambayar Hodi?

Dankure

*

Gesse, Birnin Kebbi
30 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Kawu, Malam Dankure,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ina gaida Umma, ina kuma neman afuwarta.

Rashin zuwana da Sallah ba raini ba ne. Da mako shida suka wuce ban ga amsarka ba, sai na ɗauka shirun yana nufin kada in zo. Na yi shiri, na kai har tasha, na dawo. Inna ta ce, "Mi ya hana ka tafiya? Argungu ba Makka ta ba." Ban iya gaya mata ba. Maganar Dakta kuma, na kawo ta ne don in sanyaya maka rai. Yanzu da na sake karanta ta da idonka, na ga abin da na rubuta.

Ni na ba shi tambayar.

Zan faɗi sauran, domin rabin amsa ya fi shiru muni. A shekarata ta farko a jami'a wani malami ya kawo irin wannan tambaya. Na miƙe da ƙarfin gwiwa na ba da amsarka, da kalmominka. Ya sa aka kawo bokiti. Aji ya yi dariya. Ya ce, "Wa ya koya maka haka?" Na ce na manta. Shekara goma sha shida ke nan.

Tun daga lokacin babu Sallar da ban shigo gidanka da niyyar gaya maka ba. Nakan tsara maganar a mota, daga Birnin Kebbi har kwanar shiga gari. Sai in zauna a gabanka, ka tura mini kwano, ka tambayi karatuna, ka gaya wa baƙi, "Wannan ɗalibina ne." Sai maganar ta koma ciki. Yaya wanda ka goya a keke zuwa asibiti zai buɗe baki ya ce, Kawu, shafi kaza ba daidai ba ne? Akwai shekarar da na tsaya a kan daron nan da kake magana, har na ɗauki kwanon. Ka fito daga ɗaki, na ce ruwa nake nema.

Da Dakta ya ce in samo masa tambaya mai ƙamshin kogi, wadda malamanmu za su ji tasu ce, sai na ga kamar Allah ya kawo mini hanya. Na ce Kawu zai amsa a ɓoye, ya ga ruwa da idonsa, ya gyara littafinsa a ɓoye. Ba wanda zai sani, ni ma ba sai na ce komai ba. Ban cire sunan Hodi ba don ina so ka gane daga baya cewa saƙo ne daga gare ni. Sa'an nan ranar rabo na rushe ɓoyon da hannuna. Kunyar da ta hana ni yi maka magana a zauren gidanka ita ce ta hana ni ba ka lamba ta ashirin da bakwai.

Akwai abu ɗaya da ya rage, na daɗe ina juya shi. Na tambayi kaina ko akwai ragowar dariyar nan ta jami'a a cikin abin da na yi, ko wani ɓangare na zuciyata ya so ka ji abin da na ji. Ban same shi ƙarara ba. Amma ba zan rantse cewa babu ba.

Yanzu ka san mai laifi. Ka hukunta ni yadda ka ga dama, ka hana ni gidanka idan ka so. Amma kada ɗalibai su biya abin da ni na yi. Ka yaga takardar nan, Kawu.

Naka,
Zainulabidin

*

Argungu
22 ga Yuli, 2024

Ɗana Zainulabidin,

Wa alaikumus salam. Jiki ya dawo. Kogi ya cika har ya taɓa gonakin ƙasa, muna roƙon Allah ya tsayar da shi nan.

Na gode da ka amsa. Na san amsar tun ina zauren, domin mutum biyu ne kawai suka san Hodi a wurin, ni da kai, sauran da na koyar sun zo bayan na daina sa sunansa a tambayar. So nake in ji ko za ka iya faɗa.

Maganar ramuwa ba ta dame ni ba. Da ramuwa ce zalla da na fi ganewa, mutum ne kai. Abin da ya tsaya mini shi ne shekara goma sha shida. Ina yaye ɗalibai wajen sittin kowace shekara. Ka yi lissafin da kanka, kai ma malami ne. Duk sun kwafi shafin nan da hannunsu, waɗansunsu suna koyar da shi yanzu. Kai kana ganin girmama ni kake yi. Mutumin da ya ga rigar babba ta kama wuta ya yi shiru don kada ya katse masa magana, ban san sunan abin da ya yi ba, amma ba ladabi ba ne.

Ban ɗora maka duka ba. Ni na gina ajin da ba a yi mini gardama. Ina alfahari da cewa idan na shiga ko tari ba a yi. Ga abin da na girba: kai, da mutum goma sha huɗun nan, har da Sauda.

Makon jiya na ɗauki daron na kai makaranta. Na yi wa ’yan aji biyar yadda Dakta ya yi, sai dai da ƙwayar wake da gwangwani uku muka yi zaɓen, kowa ya jefa a bayan allo. Ban faɗi ra'ayina ba. Suka yi ta musu har shugaban makaranta ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Ban taɓa jin ajina da rai haka ba, kuma zan faɗi gaskiya, hanyarku tana da kyau. Da ruwan ya sauka na ce musu, "Abin da na koya wa yayyenku a nan kuskure ne, ku gaya musu."

Sai wata yarinya, Kausar, ’yar masu saƙar komar kamun kifi, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, to saura wanne da wanne ne kuskure cikin littafin?"

Ba rashin kunya ta yi ba, tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce mafi kyau da aka yi mini a shekara talatin da biyu. Ban sani ba. Na duba kuma, duk faɗin ƙasar Kabi ban ga wanda zai gaya mini ba. Duk wanda ya san Fiziks a nan ko na koyar da shi, ko na koyar da wanda ya koyar da shi, kuma kowannensu zai ce, "Haka ne, Malam."

Saboda haka na miƙa takardar ranar Alhamis. Da farko kunya ce ta sa na rubuta ta, amma ba kunya ce ta sa na miƙa ba. Na roƙi a kawo Sauda a madadina, an ce za a duba. Ita tana da sauran shekarun da za a iya yi mata gardama.

Direba zai ba ka ƙunshi. Kwamfutar tana ciki, ban kunna ta ba tun ranar. A watan Agusta ka karɓi ta kowa, ka zuba su duka a kwando ka rufe da zane, kowa ya sa hannu ya ɗauka. Littafin darasina ma yana ciki, shafi ɗari biyu da goma. Ka bi shi layi layi da jan biro, duk inda ka ga kuskure ka kewaye, ka rubuta daidai a gefe, sa'an nan a ba wanda zai gaje ni. Wannan ne aikin da ka ƙi yi shekara goma sha shida.

Gidana kuwa ba ni da ikon hana ka, na Sadatu ne kamar yadda yake nawa. Ka zo da Sallah. Sai dai ba zan ƙara ce wa baƙi ɗalibina ne kai ba. Zan ce ɗan ’yar’uwata ne.

Kawunka,
Dankure

*

Gesse, Birnin Kebbi
26 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Umma. Mun ji ruwa ya ci gonakin ƙasa, Allah ya mayar da alheri. Inna tana lafiya. Ta san komai yanzu, ni na gaya mata, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

An gama zagaye na biyu ranar Juma'a. Na yi yadda ka ce, kwando da zane. A kowace tambaya masu amsa daidai sun ƙaru bayan muhawara, wani lokaci har ninki biyu. Malama Sauda ta yi wa Dakta kansa gardama a kan wata tambayar lantarki, kuma ita ce da gaskiya. Na yi tunanin ɓoye maka cewa abin ya tafi daidai da ba ka nan. Na ga ɓoyo ya isa haka. Maganar komawarta makarantarku har yanzu ba a sa hannu ba, ana kuwa dawowa daga hutu nan da mako biyu. Ina bibiya.

Mutum talatin da tara suka zo, kwamfutoci arba'in ne a kwandon. Ina tsaye ina kallo. Mutum uku na gani sun zaro mai lamba ɗaya, suka duba bayanta, suka mayar a hankali suka ɗauki wata. Ita ce ta rage. Tana cikin durowar teburina.

Littafin yana tare da wannan takarda, don ka gani kafin a miƙa. Na bi shi sau biyu. Ban da tambayar Hodi, na sami wurare uku: shafi na arba'in da ɗaya, na tamanin da takwas, da na ɗari da talatin. Sauran shafi ɗari biyu da shida babu abin da zan taɓa, kuma akwai bayanai a ciki da ban ga wanda ya fi su ba a kowane littafi. Na kewaye wuraren, na rubuta daidai a gefe.

Ka ce da jan biro. Na saye shi, yana gabana tun ranar da ƙunshin ya iso. Da fensir na yi, Kawu. Iyakar abin da hannuna ya iya ke nan.

Ɗan ’yar’uwarka,
Zainulabidin